2,147,483,647: lambar da ta gagari rabawa, ta kuma zama iyakar kwamfuta

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A rubuce, 2,147,483,647. In mutum ya zauna yana ƙirga lamba guda a kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ya haura shekara 68 kafin ya iso gare ta. Duk da haka ba wata gagarumar lamba ba ce a lissafin yau, tunda yawan mutanen duniya ma ya ninka ta fiye da sau uku. Amma da wuya a sami wata lamba mai alƙaluma goma da masana suka yi wa bin ƙwaƙƙwafi kamar ita.

Duk wanda ya nemi bayani a kan wata babbar lamba, yawanci dogon jeri ake ba shi: mara ce ko cika, alƙalumanta nawa, jimillarsu kaza, ga rukunin da take ciki. A jera su reras kamar duk nauyinsu ɗaya. A ganina irin wannan jeri yakan rikita mai koyo fiye da yadda yake wayar masa da kai, domin siffofin lamba suna suka tara. Wasu na rubutu ne kawai, da an sauya tsarin rubutun sai su ɓace. Wasu kuwa a jikin lambar suke, ko da wane harshe aka faɗe ta. Akwai kuma sunan da lamba kan yi saboda wani tsari da mutane suka zaɓar wa kansu, wanda da sun zaɓi wani daban, da ba wanda zai san da ita. Wannan lamba ta haɗa duka ukun, shi ya sa take da daɗin nazari.

Na rubutun ba sa buƙatar dogon bayani. A tsarin goma-goma da muka saba, alƙalumanta goma ne, ta ƙare da 7, jimillar alƙaluman kuma 46. Wannan jimilla tana da ɗan amfani guda: in an raba 46 da 9 saura 1, don haka ita ma babbar lambar saura 1 za ta bari, ke nan 3 da 9 ba sa raba ta. Amma a ce wai tana da 4 guda uku da 7 guda biyu, wannan bai gaya mana komai game da ita ba. A koma tsarin biyu-biyu, wanda 0 da 1 kaɗai ake rubutu da su, sai ta sauya kama gaba ɗaya, ta zama 1 guda 31 a jere, ba sifili ko ɗaya. A nan ko daga hagu aka karanta ko daga dama duk ɗaya ne, abin da ba haka yake a tsarin goma-goma ba. Siffar da ke zuwa ta tafi da sauyin rubutu ba ta lambar ba ce.

Sai dai wannan jerin na 1 guda 31 ya tona wani abu na gaske. Ma'anarsa ita ce lambar jimillar 1 da 2 da 4 da 8 da 16 ce, ana ta ninkawa da biyu har gurbi na 31. Irin wannan jimilla kullum ɗaya ce take rage mata ta kai ninki na gaba: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, saura ɗaya ta cika 8. Saboda haka lambarmu ita ce 2³¹ − 1, wato a jera 2 guda 31 a ninka su da juna, sannan a ɗebe ɗaya. Kusan duk abin da za a faɗa game da ita daga nan ya samo tushe.

Babbar siffarta ita ce ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi, su 2, 3, 5, 7, 11, 13, zan kira su gagararru, sauran kuwa haɗaɗɗu, tunda daga ninka gagararru aka haɗa su. In aka bi gagararrun ɗaya bayan ɗaya tun daga 2, wannan ita ce ta 105,097,565. A yankin da take, kusan lamba ɗaya cikin 21 ko 22 ce gagararriya, don haka gagarar kaɗai ba abin mamaki ba ce sosai. Wadda take gabanta ita ce 2,147,483,629, mai bi mata kuma 2,147,483,659. Ba ta cikin tagwaye, wato gagararru biyu da tazarar 2 ta raba irin 11 da 13, domin in an ƙara mata 2 sai 3 ta raba abin da aka samu, in an rage 2 kuma sai ya ƙare da 5.

Abin da ya fi burge ni shi ne a dube ta tare da maƙwabtanta biyu na jiki da jiki. Ta ƙasa, 2,147,483,646, ta tarwatse zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, lambobi 192 ne ke raba ta. Ta sama, 2,147,483,648, ba komai cikinta sai 2 zalla guda 31, masu raba ta 32. Ta tsakiya kuwa biyu tak. Tun zamanin Girkawa akwai wani rabe-rabe da ake yi wa lambobi: a tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, a kwatanta jimillar da lambar. In jimillar ta fi ta, mai rara ce, kamar 12 da ƙananan masu raba ta suka ba da 16. In ba ta kai ba, mai giɓi ce. In sun yi daidai wa daida, kamila ce, kamar 6 da take 1 da 2 da 3. To maƙwabciyar ƙasa mai rara ce, domin duk ninkin 6 da ya wuce 6 haka yake. Ta tsakiya mai giɓi ce iya giɓi, jimillarta 1 kacal. Ta sama kuwa ɗaya ce rak ta hana ta kamala: a tara ƙananan masu raba ta, 1 da 2 da 4 har zuwa 2³⁰, abin da zai fito shi ne 2,147,483,647. Lambobi uku a jere, tazarar ɗaya-ɗaya, amma ba abin da ya haɗa halinsu. Girman lamba ba ya gaya maka komai game da cikinta.

Yaya aka yi aka san gagararriya ce? Nan ne labarin ya yi tsawo. Lambobi masu siffar 2ⁿ − 1 ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin cocin Katolika ɗan Faransa. Abu na farko da aka gane shi ne dole n ɗin ya zama gagararre kafin a sa rai. A ɗauki 2¹⁵ − 1, wato 32,767. A tsarin biyu-biyu 1 ce guda 15, ana iya yanka su uku-uku ko biyar-biyar, shi ya sa 7 da 31 duk suke raba ta: 7 × 31 × 151. Amma gagarar n ba ta wadatar ba. Ga 11 gagararriya ce, sai ga 2¹¹ − 1, wato 2,047, ta fito 23 × 89. A 1588 Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da cewa 131,071 da 524,287, wato na 17 da na 19, gagararru ne, ya kuma yi hasashen haka ga na 23 da 29 da 31 da 37. Uku daga cikin huɗun kuskure ne: 47 tana raba na 23, 233 tana raba na 29, 223 tana raba na 37. Na 31 kaɗai ya ci, shi ma ba da hujja ba. A 1644 Mersenne ya fitar da nasa jerin: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Daga baya aka gano 67 da 257 ba sa ciki, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Bayan jerin Mersenne, na 31 ya ƙara shekara 128 a matsayin zato kawai.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya warware shi a 1772, a wata wasiƙa da ya rubuta. Lokacin yana da shekara 65, yana zaune a Rasha, idanunsa kuma sun riga sun tafi kusan gaba ɗaya. Hanyar da ya bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana nuna bambancin lissafi da wahalar ƙirga.

Matakin farko sananne ne. In lamba haɗaɗɗiya ce, dole ɗaya daga masu raba ta kada ya wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita. Ga 46,341 × 46,341 ya riga ya zarce 2,147,483,647, don haka a 46,340 za a tsaya. Gagararrun da ke ƙasa da wannan iyaka sun fi 4,700, aiki ne ja ga mai alƙalami da takarda. Sai Euler ya yi amfani da siffar lambar ya rage su. A ce wata gagararriya q tana raba 2³¹ − 1. Ke nan in ana ninka 2 da kanta ana raba sakamakon da q, saura zai dawo 1 a mataki na 31, ya kuma riƙa zagayowa duk bayan 31. Ƙa'idar Pierre de Fermat ta ce tsawon irin wannan zagaye dole ya raba q − 1. Tunda q mara ce, q − 1 cika ce, don haka ninkin 62 ce. A gwada da 2,047 a gani: a can 22 ne ma'auni, ga 23 ita ce 22 da ɗaya, ga 89 ita ce 22 sau huɗu da ɗaya. Ba su zo da ka ba. Akwai sharaɗi na biyu, cewa mai raba irin wannan lamba in an raba shi da 8 dole saura ya zama 1 ko 7, kuma 23 da 89 duk sun cika shi. In aka haɗa sharuɗɗan biyu ga 31, sai ya zama duk mai raba ta ninkin 248 ne a ƙara 1, ko ninkin 248 a ƙara 63. Jerin ya fara da 63, 249, 311, 497, 559. A cikin biyar ɗin nan 311 kaɗai ce gagararriya, in kuma an raba 2,147,483,647 da ita sai a sami 6,905,092 saura 35. Duka-duka lambobin da suka cika sharaɗin ba su kai 400 ba, da yawa cikinsu ma haɗaɗɗu ne da ba sai an gwada ba. Ba ko ɗaya da ta raba ta. Kusan shekara ɗari bayan haka ba a tabbatar da wata gagararriya da ta fi ta girma ba.

Wannan hujja ta sa ta zama ta takwas a gagararrun Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Ta kuma haifar da kamilar lamba ta takwas. Tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid ya nuna cewa duk lokacin da 2ⁿ − 1 ta zama gagararriya, in an ninka ta da 2ⁿ⁻¹ kamila za ta fito: 3 × 2 ya ba da 6, 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496. Euler kuma ya nuna cewa duk kamilar da take cika ta wannan hanya kaɗai take samuwa. Tamu ta ba da 2,305,843,008,139,952,128. A 1811 Peter Barlow na Ingila ya rubuta cewa ita ce kamila mafi girma da za a taɓa ganowa, wai tunda irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai wahalar da kansa neman ta gaba. Bai yi daidai ba ta ɓangarorin biyu, neman da amfanin.

Akwai wani rukuni da ya fi wannan ƙunci. Ita kanta 31 ɗin 2⁵ − 1 ce, wato ita ma ta Mersenne ce. Gagararrun da suka hau wannan hawa biyu, huɗu kaɗai aka sani: 7, 127, lambarmu, da 2¹²⁷ − 1 mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876. Daga nan sarƙar ta tsinke, domin 8,191 ce ta Mersenne mai bin 127, amma 2⁸¹⁹¹ − 1 haɗaɗɗiya ce.

Wata siffa ta jiki da ba a cika ambata ba ta shafi murabba'ai, wato lambobin da aka ninka da kansu irin 1, 4, 9, 16. A 1770 Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar da cewa kowace lambar ƙirga ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai da ba su wuce huɗu ba. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 da take 9 da 4. Lambarmu sai da huɗu cur. Dalilin mai sauƙi ne: kowane murabba'i in an raba shi da 8, saura 0 ne ko 1 ko 4, kuma duk yadda aka haɗa uku daga cikin waɗannan ba za su ba da saura 7 ba, ita kuwa 7 take bari. Mutum zai iya tabbatar da wannan a layi uku ba tare da ya taɓa babbar lambar ba.

Yau ba a bin hanyar Euler. Akwai gwajin da Lucas ya fara, Derrick Lehmer ya kammala a 1930: a fara da 4, a ninka ta da kanta a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, a maimaita sau n − 2. In an ƙare da sifili, gagararriya ce. Ga 31, inda n yake 5, sai a sami 14, sannan 194 wanda saurarsa 8, sannan 62 wanda 31 ta raba ba saura. Ga 2,047 kuwa da 1,736 ake ƙarewa. Lambarmu mataki 29 kacal take buƙata. Da wannan gwaji ne ayarin masu sa kai na GIMPS, da aka kafa a 1996, suka yi ta gano sababbin gagararrun Mersenne. A Oktoban 2024 aka gano ta 52 da aka sani, 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, mai alƙaluma 41,024,320. Ko suna da iyaka ko ba su da ita, har yanzu ba wanda ya kawo hujja, haka ma ko akwai kamilar lamba da take mara.

Sai dai mafi yawan waɗanda suka san wannan lamba a yau ba ta hanyar Euler suka san ta ba, ta kwamfuta ce. An daɗe ana ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi 0 ko 1. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, saura 31. In duk 31 ɗin suka cika da 1, an kai 2,147,483,647, ba gaba. A ƙara ɗaya, sai abin ya juye kamar mitar kilomita ta mota da ta cika da tara-tara, sai dai maimakon sifili, a −2,147,483,648 yake faɗawa. A Disambar 2014 YouTube ta bayyana cewa ta faɗaɗa ma'ajin ƙirgarta zuwa gurbi 64, lokacin da yawan kallon wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya haura wannan iyaka. Babbar damuwar ita ce agogo. Tsarin sarrafa kwamfuta na Unix yana ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma na'urar da ke ajiye wannan ƙirga a gurbi 32 za ta cika da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT ranar 19 ga Janairun 2038. Sakan ɗaya bayan nan za ta ɗauka ana 13 ga Disambar 1901. Sababbin kwamfutoci da wayoyi sun koma gurbi 64, wanda zai ɗauki kimanin shekara biliyan 292. Abin dubawa shi ne tsofaffin ƙananan na'urori da aka dasa cikin injuna aka manta da su.

A nan ne nake ganin ana yawan cakuɗa abu biyu. Zamanta iyakar kwamfuta bai da alaƙa da gagararta. Injiniyoyi ne suka zaɓi 32 don dalilansu, aka yi dace 31 ta faɗo cikin 'yan ƙalilan ɗin da ke ba da gagararriya. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767 ɗin nan da muka ga 7 tana rabawa. Iyakar gurbi 64, wato 9,223,372,036,854,775,807, ita ma 7 tana raba ta, domin 63 ninkin 3 ce.

Amma dacen ya yi rana. Kwamfuta tana buƙatar jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwajen kimiyya da wasanni. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar wata hanya da ta samo asali daga Lehmer: a ɗauki lamba, a ninka ta da 16,807, a raba da 2,147,483,647, saura shi ne lamba ta gaba. Daga 1 sai 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda lambar gagararriya ce ba a taɓa faɗawa sifili, kuma da wannan 16,807 ɗin, wadda 7 ce guda biyar aka ninka, jerin zai taka kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya-ɗaya kafin ya maimaita kansa. Ga kuma sauƙin rabawa: yadda 10 ke barin saura 1 in an raba da 9, har ake tara alƙaluma a gane saura, haka 2³¹ ke barin saura 1 a nan, don haka na'ura tana yanka sakamakon gida biyu ta tara, ba sai ta yi doguwar rabawa ba. Wannan hanya ta tsufa, ba ta isa ga manyan gwaje-gwajen yau ba, balle tsaron sirri, amma ta yi shekaru tana aiki a manhajoji masu yawa.

Da aka koma gurbi 64 sai wannan gata ya kuɓuce, tunda iyakar can haɗaɗɗiya ce. Masu buƙatar gagararriya sai suka ɗan ja baya zuwa ta Mersenne mafi girma da gurbin zai ɗauka, wato 2⁶¹ − 1. Harshen shirya manhaja na Python, alal misali, a wurin ƙirƙirar lambar shaida ga lambobin da yake ajiyewa, yana raba su da 2³¹ − 1 a na'ura mai gurbi 32, da 2⁶¹ − 1 a mai gurbi 64. Wannan 61 tana cikin ukun da Mersenne ya tsallake, kuma Ivan Pervushin, wani limamin coci a Rasha, shi ya tabbatar da gagararta a 1883.